Yadda zaka kalli tsofaffin gine-ginen tsakiyar birni har ka gane ko sabon gini ya dace da wurin

Yawancinmu in mun shiga tsakiyar babban birni idonmu baya wuce tsayin kanmu, shaguna muke gani da allunan talla da motoci, alhali abin kallon yana sama, daga hawa na biyu har zuwa rufi. Shagunan ƙasa kullum canza su ake yi, wannan ya tashi wancan ya shigo ya fasa bango ya manna gilashi, amma saman ginin sau da yawa yana nan yadda magina suka bar shi shekara ɗari ko fiye. To abu na farko kenan, ɗaga kai. Kuma kar ka tsaya a gindin ginin kana karya wuya, tsallaka titi ka tsaya ta ɗaya ɓangaren inda zaka ga fuskarsa gaba ɗaya tare da na damansa da na hagunsa, don irin waɗannan gine-ginen tun asali da maƙwabtansu aka tsara su.

Ka je da hantsi ko bayan la'asar lokacin da rana ke dukan bango ta gefe. Adon dutse inuwa ce ke fito da shi, da tsakar rana kuwa komai shafewa yake yi ka ga bango fari fat kamar ba a yi masa aikin komai ba.

In ka tsaya, fara raba ginin uku da ido: gindi, jiki, da kai. Kusan duk ginin da aka yi a kan tsarin da Turai ta gada daga Girka da Roma zaka samu wannan rabon. Gindin shi ne hawan ƙasa, wani lokacin har da na samansa, duwatsunsa manya ne, galibi ba a goge su sumul ba, an bar tsagi mai zurfi tsakanin dutse da dutse don ido ya ji nauyi, ya yarda cewa wannan zai iya ɗaukar abin da ke kansa. Jikin shi ne inda tagogi suke jere suna maimaita kansu hawa bayan hawa. Kan kuma shi ne rawanin ginin, wannan leɓen da ya turo gaba daga sama ya yi wa bangon inuwa. Mutane na ɗauka kwalliya ce kawai, amma aiki yake yi, shi ke jefar da ruwan sama nesa da bango don kar ya riƙa gangarowa yana cin dutsen. Ko da aka fara dogayen benaye a Amurka ba a yar da wannan rabon ba. Bayan gobarar Shikago ta 1871 an sake gina birnin, a 1885 aka kammala Home Insurance Building mai hawa 10 wanda ƙarfe ne ke ɗauke da shi, sai magina suka shiga tunanin yadda za a yi wa doguwar aba irin wannan fuska. Louis Sullivan ya ba da amsa a ginin Wainwright na birnin St. Louis a 1891, gindi mai ƙarfi, jiki mai layuka da suke jan ido sama, sai kai mai ado da ya rufe zancen. In ka riƙe wannan kaɗai ma ka samu rabin karatun.

Sai ginshiƙai. Iri uku ne manya kuma daga kansu ake gane su, ba sai ka haddace komai ba. Dorik kansa ba ado, faifai ne kawai da murabba'in dutse a sama, gajere ne kakkaura, shi ne a Parthenon na birnin Atens da aka fara ginawa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne kuma ginshiƙai 36 da suka kewaye ginin tunawa da Lincoln a Washinton. Ayonik kansa a nannaɗe yake dama da hagu, ya fi siranta, dubi gaban gidan tarihin Birtaniya a Landan. Korintiyan shi ne mai ganyaye a kai, ya fi su tsayi da ƙawa, shi ne a gaban kotun ƙolin Amurka da aka gama a 1935. Wani abu da nake so ka gwada, ka matsa jikin ginshiƙi ka ɗora kunci kusa da shi ka kalli sama. In na kirki ne zaka ga ba a miƙe yake sak ba, yana da ɗan kumburi kaɗan a jikinsa sannan ya tsuke zuwa sama, da gangan aka yi shi don ya fito da rai a ido. Ginshiƙin da aka zuba da bututu kauri ɗaya daga ƙasa har sama, ko daga nesa zaka ji wani abu bai zauna ba ko da baka san menene ba.

Amma gaskiya ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ya wuce gini guda, titin ne gaba ɗaya, kuma babu inda ake koyon wannan kamar Paris. Tsakanin 1853 da 1870 Haussmann, jami'in da ke kula da birnin, da umarnin sarki Napoleon na uku, ya yanka manyan tituna a cikin tsohon birnin, an rushe unguwanni da dama, an tashi talakawa masu yawa daga tsakiya zuwa gefen gari, wannan ɓangaren bai kamata a ɓoye shi ba. Abin da ya fito daga ciki dai shi ne titunan da duniya ke zuwa kallo yau. Masu filaye daban-daban ne suka yi ginin, masu zane daban, amma ƙa'ida ɗaya ta ɗaure su: dutse iri ɗaya mai ruwan madara, tsayi gwargwadon faɗin titi, doguwar baranda ta baƙin ƙarfe a hawa na biyu da na biyar in baka ƙirga na ƙasa ba, sai rufin kwano mai ruwan toka da ya kwanta baya da ƙananan tagogi a jikinsa. In ka tsaya a bakin titin ka miƙa ido zaka ga barandar wannan gidan ta kama ta wancan, ta wancan ta kama ta gaba har ƙarshen gani, kamar sahu ne aka daidaita kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya yi gaba ba wanda ya noƙe. Kuma fuskar ginin tana faɗa maka waye ke zaune a ina. Lokacin ba lifta a gidaje, don haka hawa na biyu shi ne na masu hali, ya yi nesa da hayaniyar titi amma ba a sha wahalar matattakala, shi ya sa tagoginsa suka fi tsayi adonsa ya fi yawa. Kana hawa sama ado na raguwa ɗakuna na gajarta, har ka kai ƙarƙashin rufi inda 'yan aiki suke kwana cikin zafi da sanyi. Wannan salon har ya tsallaka teku, Khedive Isma'il mai mulkin Masar ya je Paris a 1867 ya dawo ya shimfiɗa sabuwar tsakiyar Alkahira a kan irin wannan tsarin, in ka ga dandalin Talaat Harb zaka gane dangantakar nan take.

Bayan ka gama kallon nesa sai ka dawo kusa, ka taɓa. Dubi taga, nawa ta shige cikin bango? A tsohon gini zaka ga ta nutsa ciki kamu ɗaya ko fiye saboda bangon da kansa ke ɗauke da nauyi dole ya yi kauri, wannan zurfin shi ke ba fuskar gini duhu da haske. Sa yatsa a ƙarƙashin dutsen da ke gindin tagar ta waje, sau da yawa zaka ji wani siririn tsagi an yanka shi daga wannan gefe zuwa wancan, aikinsa in ruwa ya biyo ƙasan dutsen ya iso nan sai ya ɗiga ƙasa, ba zai koma jikin bango ya yi masa baƙin zane ba. Ba mai ganin tsagin nan daga titi amma an yi shi. In ginin jan bulo ne duba yadda aka jera, in kana ganin wasu bulon ta tsawonsu wasu ta kansu a gauraye to galibi bangon cikakke ne, masu nuna kai su ne suka shiga ciki suka ɗaure layi biyu. In duk ta tsawo suke to akwai yiwuwar bulon riga ce kawai aka sa wa kankare ko ƙarfe. A unguwar SoHo ta Niyok ma akwai gine-ginen da zaka rantse dutse ne alhali zubin ƙarfe ne aka yi wa fenti, in ka kanga maganaɗisu sai ya manne. Ginin Haughwout na 1857 yana cikinsu, a cikinsa ne kuma aka fara sa liftar kamfanin Otis ta ɗaukar mutane. Kar ka manta ka duba saman ƙofa da kusurwar gini ta ƙasa, nan ake yawan sassaƙa shekarar da aka yi shi.

To yanzu ga sabon gini an kafa a tsakiyarsu, ta ina zaka auna shi?

Fara da tsayi, don shi ne laifin da ba ya gyaruwa. Fenti ana canzawa, taga ana canzawa, amma bene mai hawa hamsin in ya tashi ya tashi kenan. A 1973 aka gama dogon benen Montparnasse a Paris, mita 210, baƙi, shi kaɗai tsaye a kan birnin da yawancin gidajensa basu wuce hawa shida ko bakwai ba, mutane suka ƙi shi sosai har a 1977 aka sa dokar da ta tsayar da sabbin gine-gine a mita 37. Niyok ta sha irin nata tun kafin nan, ginin Equitable na 1915 ya tashi sak daga bakin titi ba ja da baya ya rufe wa maƙwabta rana, a 1916 aka yi dokar da ta ce in gini ya kai wani tsayi dole ya riƙa ja baya, shi ya sa kake ganin benayen Chrysler da Empire State suna tsukewa mataki-mataki. Landan kuma hanyoyin hango kubbar majami'ar St Paul ta kare, ginin Leadenhall na 2014 da ya kwanta gefe guda, an karkata shi ne don kar ya shiga bayan kubbar in an hango ta daga titin Fleet. Don haka in kana auna sabon gini kar ka tsaya a gabansa kawai, ka yi nisa, ka je ƙarshen wani tsohon titi ka waiwayo ka ga me ya toshe, me ya leƙo ta bayansa. Abin ba wasa ba ne, UNESCO ta cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya a 2021 saboda sabbin gine-ginen bakin ruwa, kafin nan ta cire kwarin Elbe na Dresden a 2009 saboda gada guda ɗaya.

Daga tsayi sai layin titi. Shin sabon ya tsaya inda sauran suka tsaya ko ya ja baya ya bar fili a gaba an cika shi da motoci? Da zarar gini ɗaya ya ja baya sai bangon gefen maƙwabtansa ya fito tsirara, bangon da ba a taɓa nufin a gan shi ba. Sannan ka duba layukan kwance, rawanin tsohon ginin in ka ja shi da ido zuwa kan sabon, akwai abin da ya karɓe shi ko ya faɗa a banza? Ba sai sabon ya yi rawani irin na da ba, ko canjin kayan gini ne ko ɗan ja da baya a daidai wurin ya isa. Haka faɗi. Tsofaffin filayen tsakiyar birni ƙanana ne, kana tafiya duk bayan 'yan taku ka wuce wata ƙofa, wani shago, wata fuska. In aka haɗe fili goma aka yi bango ɗaya dogo mai ƙofa guda, ko da marmara aka lulluɓe shi ya kashe wannan gefen titin, kuma wallahi wannan ya fi damuna a kan maganar salo, don ƙafa ce ke fara jin sa kafin ido, sai ka ga kana sauri ka wuce wurin ba tare da ka san dalili ba. Ka koma da daddare ka sake dubawa, hawan ƙasan akwai haske da mutane ko shata ce a rufe da ƙofar garejin motoci.

Sai babbar gardamar, wai dole ne sabon ya yi kama da tsoho? Ni dai ban yarda dole ne ba. Yarjejeniyar Venis ta 1964 da masu kula da kayan tarihi suke dogaro da ita cewa ta yi abin da aka ƙara wa tsohon gini ya kasance ana iya bambance shi, ya ɗauki alamar zamaninsa, amma ya jitu da sauran. Misalin da na fi so yana birnin Nîmes a kudancin Faransa. Akwai Maison Carrée, wurin bauta na Romawa mai shekara kusan dubu biyu, a 1993 Norman Foster ya gina gidan zane-zane da laburare a gabansa da gilashi da ƙarfe zalla. Hawa tara ne amma kusan rabinsa an binne a ƙasa don kar ya ɗara gidajen da ke kewaye, ya ɗora shi a kan dakali mai matattakala kamar yadda tsohon yake, ya sa siraran ginshiƙan ƙarfe suna riƙe da rumfa a gaba suna amsa wa na dutsen. Bai kwafi ko ganye ɗaya ba, kuma in ka tsaya a dandalin tsohon ne dai idonka ke komawa kai. Dalar gilashi ta Louvre ma, tsohuwar fadar Paris da ta zama gidan tarihi, da I. M. Pei ya yi a 1989 an yi mata ca da farko, amma tsayinta bai kai mita 22 ba, ana hango fadar ta cikinta, kuma babban aikin duk a ƙarƙashin ƙasa yake inda ake karɓar jama'a.

Akwai kuma wanda ya fi ƙarfin hali, gidan da ake kira mai rawa a Firag, babban birnin ƙasar Cak, na 1996, aikin Frank Gehry da Vlado Milunić a filin da bam ya rushe a 1945. Ya murɗe, tagoginsa suna hawa da sauka, duk da haka tsayinsa na tafiya da na jerin gidajen bakin kogin kuma yana kan kwana, wurin da dama can aka saba ƙyale gini ya ɗan yi fice. Irin wannan guda ɗaya a kwana yana da daɗi, in suka zama biyar a jere titin ya watse. Ka kuma riƙa yi wa hukuncinka uzuri da lokaci, don ido na sabawa. Gidan da Adolf Loos ya gina a Biyana, babban birnin Austriya, wajen 1911 daura da fadar sarki, saboda tagoginsa na sama basu da ado ko kaɗan mutanen garin suka riƙa ce masa gida marar gira, har sai da aka sa akwatunan furanni a wasu tagogin, yau kuwa yana cikin abin da birnin ke taƙama da shi. In ka lura da kyau ma gindinsa marmara ne da ginshiƙai, rabon nan na uku yana nan daram. Sai dai wani kuskuren lokaci baya wanke shi, benen 20 Fenchurch a Landan da ya fi faɗi a sama, a 2013 gilashinsa mai lanƙwasa ya tattara hasken rana ya narka sassan wata mota da ke ajiye a titi, sai da aka sa masa abin tare rana.

Wannan ba yana nufin gina sabo a tsohon salo laifi ba ne. In za a yi da dutse na gaske da awo na gaske da magina da suka san aikin, madalla. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Warso, babban birnin Poland, sun sake gina tsohon garinsu da aka rushe kusan gaba ɗaya, har da hotunan birnin da mai zane Bellotto ya zana a ƙarni na 18 suka duba don su dawo da fuskokin gidajen, UNESCO ta karɓe shi a 1980, kuma ban ga wanda zai ce musu sun yi ba daidai ba. Wanda nake ƙi shi ne na ganin ido, ginshiƙin roba da in ka ƙwanƙwasa zaka ji holoƙo, rawanin soso da aka shafa wa siminti, tagar da aka manna a fatar bango ba zurfi, ginshiƙi siriri hawa uku da ba abin da yake ɗauke da shi. Shekara kaɗan zaka ga ya tsattsage yana ɓarewa, ya kuma zubar da darajar na gasken da ke gefensa. Ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, kunnenka zai faɗa maka.

Ka kuma tambayi me ke wurin kafin sabon ya zo, nemi tsohon hoton titin a intanet ko laburaren birnin ka riƙe a waya ka tsaya daidai inda mai hoton ya tsaya. Tashar jirgin ƙasa ta Penn a Niyok an buɗe ta 1910, babban zaurenta an kwaikwayo shi daga wuraren wankan Caracalla na Roma, a 1963 aka fara rushe ta aka ɗora zauren wasanni na Madison Square Garden. Baƙin cikin wannan ne ya taimaka aka yi dokar kare gine-ginen tarihi ta birnin a 1965, dokar da ta tsare tashar Grand Central har kotun ƙoli a 1978. In an rushe abu mai daraja don a yi sabo, to hakkin da ke kan sabon ya ninka, kuma daidai ne ka tsaurara masa awo.

Wata dabara da ta yi yawa yanzu ita ce a bar bangon gaba na tsohon gini kaɗai a tsaye, a kwashe duk cikinsa a gina sabo a baya. Don ka gane ta, zagaya ta lungun gefe ka ga ko tsohon dutsen ya ci gaba ko ya yanke bayan mita ɗaya, sannan ka dawo gaba ka leƙa tagogin da kyau, in ka ga daɓen wani hawa ya ratsa ta tsakiyar taga to hawan ciki da tagogin waje basu san juna ba. Wani lokacin ana yinta da mutunci, kamar benen Hearst na Niyok na 2006 da ya fito fili ya tashi daga cikin gindinsa na 1928 ba tare da ɓoye komai ba. In an bar mutane su shiga, shiga ka duba matattakala da silin da ƙofofi, a nan zaka tabbatar ko tsohon ginin yana nan ko fuskarsa kawai aka bari.